Saniyar Turai da Tozon da Ya Ɓata

A shekarar 1958, makarantar wani ƙauye kusa da Kurfi ɗaki biyu ce kawai. 'Yan aji biyu su goma sha bakwai ne, yawancinsu 'ya'yan makiyaya, malaminsu kuma Malam Lado, mutum mai sanyin murya. Ba su da takardar zane, ba su da fensir mai launi. Abin da suke da shi littafi ɗaya ne da aka aiko daga Katsina, da hoton saniya a ciki.

Ran Litinin Malam ya kai su rafi suka ɗebo yumɓu. Ya ce kowa ya gina saniya, wadda ta fi kyau za a ɗora ta a taga, babban malami mai zuwa daga Dutsin-Ma ran Alhamis ya gani.

Turai, 'yar shekara takwas, ba abin da take so irin tagar nan. Ta gina saniyarta da tozo da dogayen ƙahoni. Sai ta leƙa littafin. Saniyar littafi bayanta shafe yake kamar benci, ƙahonta ɗan guntu. Turai ta ce a ranta littafi ba ya kuskure. Ta tsinke tozon, ta rage ƙahonin, ta kai gida ta shanya.

Kakarta Gogo ta ɗauka ta jujjuya. "Ke Turai, jakin wa kika yi wa ƙaho?"

"Saniya ce, Gogo! Haka take a littafi."

"Shi littafin ya taɓa tatsa?"

Turai ta fashe da kuka. Ta ce in ta maida tozo ta saɓa wa littafi, in ta bari kuma an ce jaki.

Washegari ana tsakiyar ƙidaya sai aka ji sallama. Gogo ce, riƙe da igiyar farar saniyarta. Turai ta so ƙasa ta buɗe ta shige.

"Malam, an ce ba ku da saniya a makarantar nan, sai wata musaka a takarda. Ga ta gaske na kawo aro."

Malam Lado ya gaishe ta da ladabi, ya buɗe littafin ya nuna mata. Ya ce wannan saniyar ƙasar Turawa ce, su nasu ba su da tozo.

Gogo ta daɗe tana kallo. "Allah sarki. Yunwa ce?"

"A'a, Gogo, haka Allah ya halicce su."

"To, Allah ya ba masu ita haƙuri."

Suna cikin haka saniyar ta miƙo harshe ta naɗe gefen shafin. Malam ya ja, ta ja. Rabin hoton ya tafi cikinta, yara suka kwashe da dariya har wani yaro, Rabe, ya faɗo daga benci.

Malam ya share littafin da hannun riga, ya ce, "To, tunda ta cinye waccan, sai mu yi aiki da ita. Kowa ya fito da yumɓunsa."

Suka zauna ƙarƙashin bishiyar bedi suka kewaye saniyar. Malam ya ce kada kowa ya taɓa yumɓu tukuna, a kalla kawai. Turai ta kalla. Saniyar nan a gabanta aka haife ta, amma sai ran nan ta lura tozonta ya ɗan karkata hagu, fatar wuyanta kuma tana lilo har ƙirji. Ta gina ta haka, har da karkatar.

Ran Alhamis tata aka ɗora a taga. Baƙon malamin ya ɗaga ta, ya tambayi wa ya koya mata karkatar da tozo. Turai ta ce ba kowa, haka yake.

A ranar ta gane cewa kafin mutum ya gina abu, sai ya tsaya ya kalle shi da idonsa.