Atamfar Makokin Ataa Lamptey

Da Ataa Lamptey, tsohon masuncin Chorkor da ke bakin tekun Accra, ya rasu, dangi suka zaɓi atamfar makoki fara mai ratsin baƙi, tunda mutumin ya ga jikoki. Aka danƙa wa babbar 'yarsa Lamiley aikin rabawa. Wanda ya sa atamfar nan shi ne ɗan gida, a layin gaba zai zauna a zo a ba shi hannu. Wanda bai samu ba kuwa baƙo ne, ko da mamacin ne ya haife shi.

Lamiley ta yanka wa maza nasu na yafawa a kafaɗa, ta yanka wa mata na riga da zane da mayafi. Da ta zo kan autarsu sai ta ajiye almakashi.

Ita dai da sunan Lamiorkor ta san autar, yarinyar da ta goya tana tallar dokunu, tuwon masarar nan. Amma yanzu duk Accra Tsui ake cewa, kuma Tsui ba sa son a ce "ita", sai dai "su". Tsui na rubuta waƙe, suna gambarar zamani, kuma su ne a gaba da lasifika lokacin da aka so korar masunta daga bakin teku. Sun kuma faɗa a rediyo, kowa na ji, cewa su ba mace ba ne, ba namiji ba, a bar su yadda suke. Tun daga ranar Lamiley take sunkuyar da kai in ta shiga coci.

Ta kira Tsui a waya. "Atamfar ta ƙare."

"Ta ƙare, Yaya?"

"Kin dai san yawan dangin Baba."

"To. Sai na zo."

Lamiley ta ɗauka fushi zai hana su zuwa. Abin da take fata ke nan.

Ranar jana'iza aka kafa rumfuna a bakin titi, aka ajiye akwatin gawa mai siffar kwalekwale. Lamiley na layin gaba, surukarta Awo Adukwei da matan coci suna bayanta. Masu ta'aziyya suna bin layi daga dama zuwa hagu suna ba da hannu. Can ta hango Tsui a cikinsu, baƙin wando da baƙar riga, kai a aske, suna tsaye tsakanin wani dillalin kifi da mai gyaran inji, suna jiran a zo kansu.

"Ke, ba ta rediyon nan ba ce?" in ji wata a baya.

"Ta ko na?"

"Ga yayar nan, taɓa ta ki tambaya."

Aka ƙyalƙyale da dariya a cikin mayafi. Lamiley ta shirya wa rigima, ta ma tanadi abin da za ta faɗa. Amma da Tsui suka iso gabanta sai suka ɗan rusuna, suka riƙe hannunta da hannu biyu.

"Sannunku da rashi. Allah ya ba ku haƙuri."

Gaisuwar baƙo, ba gatse, ba ɗaga murya. Suka wuce ga na kusa da ita, har ƙarshen layi, sannan suka nemi kujerar roba can baya wajen masu raba ruwa. Lamiley ta zuba wa tafin hannunta ido. Da zagi aka yi mata da ta san inda za ta sa shi.

Da lokacin ɗaukar gawa ya yi, mutanen kwalekwalen marigayi suka taso. Su a wajensu ba a ɗaga nasu sai da waƙar jan taru da yake bayarwa, kuma jininsa ne zai ba da ita su amsa. Babbansu, Ataa Okai, ya dubi layin gaba ya sake duba.

"Ina yaron nan? Yarinyar nan? Kai, ina Tsui dai?"

Aka nuna masa. Ya dafe ƙugu.

"Lamiley, me nake gani haka?"

"Atamfar ce ta ƙare, Ataa."

"Ta ƙare? Ga mijin 'yar kawunku can, wanda ko kan kifi bai taɓa kawo wa Lamptey ba, ya yafa har yana share titi da ita." Masunta suka yi dariya, banda shi. "Wa ya iya waƙar a cikinku? Ke? Ko wancan ɗan'uwan naki akawu mai tsoron ruwa? Tsui kaɗai ya zaunar ya koya wa."

Tsui suka miƙe. "Ataa, ku bar Yaya, ta gaji. Baƙo ba ya ba da waƙa, ku ma kun sani. Ku ɗauke shi hakanan."

Masuntan suka dubi juna. Ɗaya ya sa hannu a jikin akwatin, ya kuma janye. Lamiley ta ga lallai za a fita da ubanta shiru kamar wanda bai bar kowa ba, kuma ita ta yi wannan da hannunta.

"Zauna," Awo Adukwei ta raɗa mata, ta kama gefen zanenta. "Kada ki tara mana jama'a."

Ta zame. Tafiyar daga layin gaba zuwa wajen masu ruwa ta yi mata nisa, ido ko'ina. Ta warware mayafinta ta miƙa wa Tsui, ta kasa ɗaga kai.

"Ban san yadda za ki... yadda za a ɗaura ba."

"Ni na sani, Yaya."

Tsui ba su yafa a kafaɗa ba, ba su ɗaura a ƙirji ba. Suka murɗe shi suka ɗaure ƙugu tamau yadda masu jan taru ke yi, suka je gaban akwatin. Suka ba da waƙar. Masunta suka amsa, kwalekwalen ya tashi bisa kafaɗu. A tsakiyar waƙar Tsui suka shigar da nasu baitin, da saurin nan nasu:

"Teku bai tambaye ka wa ka haifa ba,
ya ce wa zai ja igiya in ka tafi."

Jama'a suka bi gawar. Lamiley ta tsaya a inda take, kafaɗunta a buɗe. Ba ta iya komawa cikin matan coci ba, ba ta kuma ga fuskar da za ta tsaya da ita kusa da Tsui ba. Sai da titin ya kusa yin fayau sannan ta bi bayansu, a cikin ayarin baƙi.