Yatsu Uku a Saman Raga

Tun ranar da aka buɗe ɗakin atisayen ƙwallon raga na ƙungiyar matan, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, mutum ɗaya ne ke ɗaure raga a cikinsa. 'Yan wasa suna ce masa Tsoho. Ba ya dariya da wuri, ba ya yarda a taka masa fili da takalmin titi, kuma bai taɓa riƙe abin awo ba.

Dalili kuwa shi ne, a ranar buɗewar wani ma'aikaci ya zo da sandar awo ya daidaita tsayin ragar. Tsoho yana saurayi a lokacin. Ya tsaya ƙarƙashinta ya miƙa hannun dama, sai kan yatsansa na tsakiya ya taɓa farin ƙyallen saman ragar, ba ragi ba ƙari. Daga ranar shi ya zama sandar. Kullum da safe zai murɗa igiyar, ya tsaya ƙafa a ƙasa, ya miƙa hannu, ya ce ta yi. Kociyoyi sun zo sun tafi, babu wanda ya yi masa musu, don ba shi da fuskar da ake yi wa musu da sassafe.

Yana da jika a ƙungiyar, ana ce mata Barewa saboda tsallenta. A ƙarƙashin wannan ragar ta yi rarrafe, lokacin da uwarta ke barin ta a wajensa ta tafi aiki. Sauran 'yan wasan daga ƙungiyoyi dabam-dabam aka tattaro su, ita kuwa hannunta bai san wata raga ba sai wannan. Ba ta da tsawo, saboda haka ta koyi bugun da ke shafar saman raga kamar tsuntsu ya shafi ruwa, ya faɗa ƙasa kafin a ankara. A ɗakin atisaye babu mai tare ta.

Amma wasannin gasa a babban ɗakin wasa na cikin gari ake yin su, can kuwa ma'aikatansu ne ke ɗaure raga. Shekara uku ke nan duk ƙwallon da Barewa ta doka a can sai ya bugi farin ƙyallen ya dawo gaban ƙafarta. Kowa ya ce tsoron jama'a ne. Ita ma ta yarda. Tsoho bai taɓa zuwa babban ɗakin ba, ya ce hayaniyarsu tana sa masa ciwon kai, amma shi ma ya yarda, har ya fi kowa faɗa.

A bana aka ba kowace ƙungiya damar ɗauko 'yan wasa biyu daga ƙasashen waje. Koci ta ɗauko ɗaya, wata doguwar mace mai sanyin tafiya, wadda ba ta jin harshen kowa, kowa ba ya jin nata. Doguwa aka sa mata, ta amsa. Ranar da ta fara shiga ɗakin atisaye, ta ajiye jaka ta nufi ragar, ta miƙa hannu, ta ɓata fuska. Ta juyo ta ɗaga yatsu uku, ta nuna sama.

'Yan wasa suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Ku ji fa, tun ba a fara ba ragarmu ta yi mata kaɗan."

Wata ta ce, "Tsoho, a ɗaure mata tata a jikin rufi."

Tsoho bai yi dariya ba. Ya dubi baƙuwar daga ƙasa har sama, abin da ya ɗauke shi lokaci, ya ce, "Ku gaya mata ragar nan ta girmi uwarta." Babu mai iya gaya mata. Doguwa ta sauke hannu, ba ta ƙara ɗagawa ba.

Gasa ta yi nisa, ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe, kusan duk a kan hannun Doguwa. Wata safiya Tsoho yana goge fili ya ji Koci ta ja Barewa gefe.

"Ba zan ɓoye miki ba," in ji Koci. "Masu ƙungiya suna so a ɗauko baƙuwa ta biyu, kuma gurbinki suke kallo. Na ce su bari a gama gasa. Wasa biyu suka rage, in mun ci na farko. In ƙwallonki ya ci gaba da rungumar raga, ba ni da bakin magana."

Barewa ta ce ta gode. Da aka tashi ta zo ta zauna kusa da kakanta tana kwance igiyar takalmi.

"Tsoho, ka fara gyara mini ɗaki, na kusa dawowa zaman gida in riƙa dafa maka abin da haƙoranka uku za su iya."

"Gidana ba masaukin matsorata ba ne," in ji shi. "Mutane ne a can, ba zakoki ba. Ki daina kallon su, ki kalli ƙwallo."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ɗauki jaka ta fita.

Da yamma ɗakin ya kan zama na Tsoho shi kaɗai. Hasken rana yana shigowa ta tagogin sama ya kwanta a kan katakon filin, dogaye dogaye, tattabaru suna tafiya a kan rufin kwano. Ya zauna a kan bencinsa ya jingina da bango. Ba barci yake ba, ba kuma idonsa biyu ba. A irin wannan lokaci ɗakin ya kan zame masa kamar ƙarƙashin ruwa. Ya kan ga duk 'yan matan da suka taɓa wasa a nan, na shekara arba'in, sun tashi sama a lokaci ɗaya, gashinsu yana lilo a hankali, ƙwallaye suna yawo a tsakaninsu ba mai saurin saukowa. Waɗanda suka tsufa, da waɗanda suka rasu, duk suna nan da ƙuruciyarsu. Rufin yana ta ja da baya, tagogi suna hawa sama, komai yana ƙara tsawo, shi yana zaune.

A bakin ƙofa kuma sai ga marigayiya matarsa, riƙe da kwanon abincinsa a ƙulle cikin ƙyalle, kamar yadda take kawo masa. Ta dube shi ta faɗi abin da ta saba faɗa duk sanda zai shiga ɗakinsu: "Sunkuya, dogo, kar ka fasa kanka." Ya buɗe baki zai amsa, sai ƙarar ƙwallo ta dawo da shi.

Doguwa ce. Ta dawo ita kaɗai tana buga ƙwallo a bango. Ba ta da inda za ta je da yamma, ba ta da wanda za ta yi hira da shi. Tsoho ya ƙyale ta har hasken ya kai bangon gabas, sannan ya tafa hannu, alamar a tashi.

Makullin ɗakin yana rataye a wata ƙusa a saman ƙofar ɗakin kaya. Shi da kansa ya kafa ta a shekarar farko, daidai inda hannunsa ke kaiwa, don kada yara su taɓa. Ya jawo wani guntun katako da ƙafa, kamar yadda ya saba, ya hau, ya miƙa hannu. Kafin ya kai, wani dogon hannu ya wuce ta saman kansa ya sauko masa da makullin.

Ya juyo zai yi faɗa. Doguwa ba shi take kallo ba, katakon take kallo. Ta durƙusa, ta ɗora yatsunta uku a gefensa, suka rufe kaurinsa daidai. Ta ɗago su a haka ba ta raba su ba, ta nuna ƙusar, ta nuna ragar. Sannan ta sa masa makullin a tafin hannu da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta fita.

Tsoho ya daɗe a kan katakon. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar da ya fara hawa shi, ya kasa. Abin da ya tuna shi ne, ya taɓa cewa a ransa ginin ne ke motsi.

Da ya isa gida ya tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ga tabon da goshinsa ya yi wa katakon sama shekara da shekaru. Ya miƙe iya miƙewarsa, da hula a kansa, ya shiga. Babu abin da ya taɓa.

Hanya mai sauƙi tana nan, kuma ya gan ta. Gobe ya riga kowa zuwa, ya ƙara wa ragar yatsu uku, ya yi shiru. Babu wanda zai sani. Sai dai Barewa za ta zo ta doka ƙwallo ya bugi raga a nan ma, a gidanta, ta ce shi ke nan, tsoron ya biyo ta har ɗaki. Ya zauna a bakin gado yana juya wannan har abincinsa ya huce.

Da safe 'yan wasa suka taru, Koci tana duba takarda. Tsoho ya fito daga ɗakin kaya da katakon a hammata. Ya taka filin har tsakiya, ya ajiye shi ƙarƙashin raga, ya hau, ya miƙa hannu. Yatsansa ya wuce farin ƙyallen.

"Koci," ya ce, "a aika babban ɗaki a aro sandar awo."

"Lafiya, Baba?"

"A aro dai."

Aka aro, aka gwada. Ragar ta gaza da yatsu uku.

Barewa ce ta fara magana. "Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Ban ji ranar da na fara komawa ƙasa ba."

"Shekara uku ana ce mini matsoraciya, Tsoho. Har da kai."

"Har da ni," in ji shi. Bai sauko daga katakon ba, bai kuma kau da ido ba.

Ta fita waje. Babu wanda ya bi ta. Tsoho ya sauko ya kama hannun murɗa igiya, ragar ta tashi a hankali tana ƙara, har ta kai inda ya bar ta yana saurayi. Yana gamawa Barewa ta dawo, idonta ja, ta ɗauki ƙwallo ta wurga wa mai ɗaga mata. Doguwa ta zaga ɗaya gefen ta tsaya, ta ɗaga hannaye biyu tana jira.

Kwana huɗu suka rage, kuma hannun da ya yi shekaru yana koyon abu ba ya mantawa a kwana huɗu. A wasan kusa da na ƙarshe, cikin ƙwallayen da Barewa ta doka, biyar suka bugi raga, huɗu suka wuce. Doguwa ce ta kai su wasan ƙarshe. Koci ta rubuta wani abu a takarda.

Ranar wasan ƙarshe Tsoho ya sa rigarsa mai kyau ya tafi babban ɗaki, karo na farko. Aka ba shi kujera a bayan bencin 'yan wasa. Hayaniyar ta fi yadda ya zata, fitilu kamar rana goma. Amma da aka fara, sai ƙarar ta ja baya ta zama kamar ruwan sama a wata unguwa, ɗakin ya cika da irin ruwan nan da ya sani. Ya ga jikarsa ta tashi. Ta daɗe a sama, ko kuwa shi ya ga haka. Ya ga ta jira, kamar mai sauraron wani abu, sannan hannun ya sauko. Ƙwallon ya shafi saman ragar bai taɓa ta ba, ya faɗa tsakanin mata biyu da suka tsaya suna kallon juna.

Bai tafa ba. Ya naɗe yatsa ɗaya a cinyarsa. Kafin a tashi yatsunsa sun ƙare ya sake farawa, ya kai sha huɗu. Uku sun bugi raga, waɗannan ma ya ƙirga.

Kofin bai zo gidansu ba. An kai zagaye na biyar, ɗaya ƙungiyar ta fi su da maki biyu. 'Yan mata suka zauna a ƙasa, wasu suna kuka. Koci ta bi su ɗaya ɗaya tana dafa kafaɗa. Da ta zo kan Barewa ta tsaya.

"Hutun mako biyu," ta ce. "Bayan nan ƙarfe bakwai. Kada ki makara, ni ba kakanki ba ce."

Doguwa ta koma ƙasarsu a ƙarshen watan. Washegarin tafiyarta Tsoho ya tarar da sabuwar ƙusa a gefen ƙofar ɗakin kaya, daidai kafaɗarsa, makullin yana rataye a jiki. Bai tambayi kowa ba.

Koci ta sayo sandar awo ta ƙungiya. Tsoho ya yarda a jingine ta a bango. Kullum da safe zai murɗa igiya, ya ajiye katakonsa, ya hau, ya miƙa hannu, ya ce ta yi, sannan ya bar sandar ta zo ta faɗi nata.

"Tsoho," in ji Barewa ranar da aka dawo hutu, "baɗi sai mu ƙara maka wani katakon a kai."

Yana saman katakon, yatsansa a kan farin ƙyalle, hasken safiya yana saukowa ta tagogi. Bai waiwayo ba.

"Ɗaure takalminki," ya ce.