Alamar Ajiya

Tun ranar da Rifkatu ta fara aiki a shagon Nu'uman da ke Sabon Garin Wudil, inda ake haɗa wa mutane shafukan intanet, Lukman bai taɓa amsa gaisuwarta da sakin fuska ba. Ita 'yar Billiri ce, ta gama karatun kwamfuta a nan Wudil. Nu'uman ya ɗauke ta gwaji, da alkawarin idan shafin ƙungiyar manoman Kausani ya yi kyau, kujerar ta zama tata. Kujerar nan kaɗai ce ta hana ta komawa gida hannu rabbana, kuma Lukman, tsohon ma'aikacin shagon, ya san da haka.

Laifinta a wurinsa bai wuce ɗaya ba. Yana da wata folda a kwamfutarsa da ya daɗe yana tara ƙananan alamomi a ciki, irin su hoton waya da kwando da ƙararrawa da ake maƙalawa a shafi. Duk mai son alama sai ya biyo ta kansa, shi kuma ya yi ta jan rai kamar mai rabon fili. Sai ga Rifkatu da wani ƙari da ake haɗawa da manhajar da suke ƙawata shafuka da ita, wanda masu sana'ar ke kira fulogin. Da shi ba ruwanka da folda. Inda kake rubuta launi da girman abu da gajerun sunaye, nan za ka rubuta sunan alamar da Turanci, ta fito da kanta. Amma ta sha nanata musu cewa in an rubuta a buɗe shafin a ga abin da ya fito, domin waɗanda suka zana alamomin ba su san Wudil ba.

Lukman ya ce wannan aikin ragwaye ne. Ya ce ko akuya aka bai wa madannin kwamfutar za ta iya. Abin haushin shi ne, a ɓoye ya koyi amfani da shi.

Ranar kasuwa shugaban ƙungiyar, Alhaji Isyaku, ya zo da dattawansa su ga aiki. Yawancinsu ba sa karanta boko, don haka alamomin nan su ne shafin gaba ɗaya a wurinsu. Ana cikin gaishe-gaishe Alhaji ya tuna ba a sa sashen ajiyar da suke yi don sayen taki ba. Rifkatu ta fita sayo wa baƙi lemo. Lukman ya ja kujerarta ya zauna, Nu'uman na tsaye a kansa yana cewa ya yi sauri. Ya rubuta kalmar ajiya da Turanci, ya miƙe yana kaɗa riga, bai duba komai ba.

Rifkatu na shigowa aka kunna babbar talabijin. Buhu ya fito a kan taki, zangarniya a kan girbi, dattawa na gyaɗa kai. Sai ga sashen ajiya, ɗauke da alade sukutum, da tsagar jefa kwabo a gadon bayansa. A can inda aka zana shi, haka suke ƙera asusun yara.

Wani dattijo ya yi a'uziyya ya kau da kai. Alhaji Isyaku ya tambaya a hankali wa ya ɗora musu wannan a kan guminsu.

"Ranka ya daɗe, kayan da ta kawo ne," in ji Lukman. "Tun farko na ce ban yarda da su ba."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan ne ya fi komai muni. Idanu suka koma kan Rifkatu da ɗan gicciyen da ke wuyanta. Ta ajiye lemon, ta canza sunan alamar da na akwatin da aka kulle da kwaɗo. Aladen ya ɓace nan take, amma wanda ya gani ya riga ya gani. Alhaji ya ce aiki ya yi, za su karɓa, sai dai ba ya son hannun yarinyar nan a cikinsa kuma.

Bayan sun tafi ta tari Nu'uman a bakin ƙofa. 

"Oga, a gabanka fa aka rubuta. Ni ina kanti."

"Na sani, Rifkatu," ya ce, idonsa a kan takalminsa. "Amma in na ce Lukman ne, ba za su yarda ba. In kuma suka yarda, a garin nan zai ci gaba da zama, ke kuwa kina da inda za ki."

Washegari motar Gombe ta hau gadar Wudil da ita a kujerar baya. Ta buɗe shafin a wayarta. Alamar akwatinta mai kwaɗo na nan a shafin, har an ƙara sabon sashen tuntuɓa da alamar waya. Kallo ɗaya ta yi mata ta gane ba daga foldar Lukman ta fito ba, da fulogin ɗinta aka sa ta.