Ranar da Mota Ta Rufe da Kumatu

Maman Kumatu ba ta yi niyyar fita ba ranar. Da safe ma sai da ta ce wa mijinta tana gida, wanki ya taru mata. Wajen hantsi ta buɗe gwangwanin madarar Kumatu ta ga saura ɗan abin da ba zai kai yamma ba, sai ta saɓa 'yarta ta ɗauki mota ta nufi babban kanti.

Motar ta lantarki ce, ba ta cika shekara a hannunsu ba. Ita ke hawanta, domin ofis ɗin maigidan kusa ne, motar ma'aikata ke ɗaukarsa. Amma shi ya ɗaura ta a wayarsa, yana iya kulle ta, ya buɗe ta, ya ga cajin da ya rage, duk daga inda yake zaune. Tana yawan tsokanarsa cewa ya fi sanin lafiyar motar a kan ta mutanen gidan.

Ta gama sayayya rana ta take. Filin ajiye motocin fetal yake, babu rumfa babu bishiya. Ta zuba kaya a but, ta zaunar da Kumatu a kujerarta ta baya, ta ɗaure mata bel. Yarinyar ba ta kai shekara biyu ba, kumatunta ne suka jawo mata sunan. Uwar ta miƙa hannu ta jefa jakarta kujerar gaba, waya da katin buɗe mota duk suna ciki, ta tura ƙofa, ta gangara da keken kaya wajen 'yan uwansa. Taku kaɗan ne.

Da ta dawo ta taɓa hannun ƙofar direba, bai fito ba. Ta sake dannawa. Ta zaga ɗaya gefen, ta gwada na baya, ta gwada but. Ko ɗaya bai motsa ba.

Ta kafa fuska a gilashi, ta kare rana da tafin hannu. Allon da ke gaban motar ya canza. Babu taswira, babu komai, sai wani ɗan siririn layi da rubutu a ƙasansa: ana sabunta manhajar mota, kada a taɓa komai har a gama. Fankar da ta bari tana hura sanyi ta tsaya.

Kumatu ta ɗauka wasa ne. Ta ga fuskar uwarta a gilashi, ta ƙyalƙyale da dariya tana buga ƙafa.

"Malam! Malam maigadi!" Maman Kumatu ta ɗaga murya. "Don Allah zo!"

Maigadin kantin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya taho da sauri. Ya ja ƙofa, ya leƙa ciki, ya dube ta.

"Ina makullin, Hajiya?"

"Yana ciki. Ba makulli ba ne ma, kati ne. Ara mini wayarka."

Ya miƙa mata. Ta tsaya da wayar a hannu, lambar mijinta ta ɓace mata ɗif. Lambar da ta haddace tun kafin aure. Ta rufe ido, ta fara karantowa a fili, ta yi kuskure, ta goge, ta sake. Wayar ta shiga. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, ya kashe. A karo na uku ya ɗaga, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ke magana? Ina cikin taro."

"Ni ce. Baban Kumatu, me ka yi wa motar nan?"

"Mota? Ba komai. Sabuntawar nan ce da ta dame ni da saƙo tun makon jiya, yanzu na danna mata tunda tana gida a ajiye. Wayar wa kika..."

"Ba ta gida. Muna kanti. Kumatu tana ciki, ƙofa ta ƙi buɗewa."

Ta ji ƙarar kujera ta faɗi, ta ji an buɗe ƙofa an rufe. Da ya sake magana muryarsa ta zama wata iri.

"Tsaya. Kar ki kashe. Yanzu zan buɗe ta daga nan."

Ta jira, tafin hannunta a kan gilashi. Gilashin har ya fara ƙuna. A ciki dariyar Kumatu ta ƙare. Ta miƙo hannuwa biyu tana son a ɗauke ta, bel ya riƙe ta, ta ɓare baki. Kukan yana fitowa can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya.

"Ta ƙi," ya ce. "Wai ba za a iya haɗuwa da motar ba sai ta gama. Ina layin ya kai?"

Ta duba. "Ko rabi bai yi ba."

"Bari in kira kamfanin da ɗaya wayar. Ki yi mata wasa, ki ɗauke mata hankali."

Mutane sun fara taruwa. Wata mata mai ɗauke da leda biyu ta cire mayafinta ta shimfiɗa a gilashin baya don ta tare rana. Wani ya ce a girgiza motar, wani ya ce a cire batir, wani ya tambaye shi ta ina. Maigadi ya ruga ciki ya sanar da manajan kanti, ya dawo. Maman Kumatu tana ta yi wa 'yarta waƙar da take mata in za ta yi wanka, tana tafa gilashi. Gumi ya jiƙe gashin yarinyar, fuskarta ta yi jawur.

"Kina ji na?" in ji mijin. "Sun ce kada a yi mata komai, in an katse ta tana iya lalacewa gaba ɗaya. Wai da kanta za ta buɗe in ta gama. Sun ce ba ta daɗewa."

"Ba ta daɗewa kamar yaya?"

"Ba su faɗa ba. Na riga na fito, ina neman tasi."

Tana kallo allon ya ɗauke, ya yi baƙi ƙirin. Layin ma da take kallo ya tafi.

"Ya mutu! Allon ya mutu!"

"Sun ce yakan yi haka, yana sake tashi ne..."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Kumatu ta daina kuka. Kanta ya langaɓe gefe, idanunta rabi a buɗe, bakinta yana motsi a hankali.

Ta cusa wa maigadi wayarsa a hannu. "Ba ni abin da zan fasa."

Ya miƙo sandarsa. Ta zaga gilashin gaba, ɓangaren da ya fi nisa da yarinyar, ta kai duka da iya ƙarfinta. Sandar ta yi tsalle ta dawo, hannunta ya yi tsami har kafaɗa, gilashin ko gezau. Wani mutum ya karɓa ya maka sau biyu, sandar ta tsage. Sai ga manajan kanti da gudu, rungume da jar tukunyar kashe gobara. Kafin ya yanke shawarar inda zai buga ta fizge ta daga hannunsa. Ba ta san tana da ƙarfin ɗaga ta ba.

Bugun farko gilashin ya yi fari, ya tsattsage, amma bai zube ba. Ta sake. Ta sake. Ya lotsa ciki kamar tabarma, yana manne da wata leda a tsakiyarsa. Ta yar da tukunyar, ta naɗe hannu da gefen rigarta, ta dinga turawa tana yagewa. Maigadi da manaja suka kama gefe suka ɓanɓare. Wani zafi ya bugo fuskarta daga ciki kamar an buɗe tanda.

Ta zura hannu ta danna maɓallin ƙofa na ciki. Shi ma shiru.

"Ku ɗaga ni," ta ce.

Matar nan mai mayafi ta ajiye ledojinta ta tallafe ta. Maman Kumatu ta shiga ta taga da kai, ta faɗa kan kujera, ta rarrafa ta tsakanin kujeru zuwa baya. Ƙarfen bel ɗin ya ƙona mata yatsa, ta ɓalle shi. Jikin yarinyar zafi rau, ya saki. Ta miƙa ta ta taga, hannuwa wajen shida suka karɓa.

Kafin ta fito an riga an shige da Kumatu cikin kanti. Akwai mai sayar da magani a can ƙurya, shi ya kwantar da ita kan tebur a gaban na'urar sanyi, ya tuɓe mata riga, yana goga mata tsumma mai ruwa a wuya da hammata. Maman Kumatu ta durƙusa tana kiran sunanta, tana salati, tana sake kira. Can yarinyar ta yamutsa fuska, ta ja numfashi, ta tsandara kuka mai ƙarfi. Matar mai mayafi ta zauna daɓas a ƙasa ita ma ta fashe da kuka.

"A ba ta ruwa kaɗan-kaɗan," in ji mai maganin. "Amma ku wuce asibiti yanzu, a duba ta. Ke ma hannunki yana son ɗinki."

Sai a lokacin ta ga jinin, daga gwiwar hannu har yatsu.

Suna fitowa tasi ya tsaya, Baban Kumatu ya diro tun bai gama tsayawa ba. Ya rugo ya tsaya a gabansu. A bayansa motar tasu ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, fitilunta suka ƙyafta, hannayen ƙofofin huɗu suka fito a tare. Ba wanda ya je kusa da ita sai maigadi, da ya ɗauko jakar ya kawo.

A tasin suka tafi asibiti. Likita ta duba yarinyar, ta sa mata ruwa, ta ce an ci sa'a, za su iya tafiya da yamma. Ana yi wa uwar ɗinki, uban yana zaune bakin gado, Kumatu na barci, shi kuma bini-bini sai ya kai bayan hannu goshinta.

"Da na kira ki kafin in danna," ya ce, bai ɗago ba.

"Ni ma da na gaya maka zan fita." Ta cije leɓe da allura ta shiga. "Ka ci abinci kuwa?"

Ya girgiza kai.

"To je ka samo mana wani abu. In ta farka yunwa za ta ji, kuma madarar tana can cikin but."

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya gyara wa yarinyar zanen da ta ture da ƙafa, sannan ya fita.