Wayar Birkin Dogo

Mai gyaran keke ya zare tsohuwar wayar birkin daga cikin robarta, ya ɗaga yana dubawa. Dogo na zaune a benci, ya zuba masa ido kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Jiya ne Dogo ya gangaro daga kan gada, ya matse birki keken ya ƙi tsayawa, sai da ya dangana da teburin mai lemo. Autarsa ta rantse sai ta sa wa keken sarƙa da kwaɗo. Shi kuwa ya kafe kai da fata cewa laifin waya ne, ba na hannunsa ba. Da ƙyar suka daidaita a kan in an gyara birki ya kama, za ta sakar masa mara.

Tun suna da baƙin gashi mai gyaran nan ke canja masa waya, don a da Dogo ba matse birki yake yi ba, tsinka shi yake. Mai gyara ya tuna masa yadda yakan goyo marigayiya matarsa a mazaunin baya su sauko gadar nan, ta ƙanƙame rigarsa tana salati, gogan yana ƙara wuta. Dogo ya yi dariya har da ƙwalla. Kai, ya yi kewar matar nan.

Mai gyara ya ɗiga mai a cikin robar, ya zura sabuwar waya, ya ja da filaya ya ɗaure noti. Ya juya taya, ya taɓa birki da ɗan ƙaramin yatsa, ta tsaya cak.

"Bismillah, mutumina."

Dogo ya kama ya matse. Jijiyoyi suka tashi, yatsun suka hau rawa, taya kuwa tana ta juyawa abinta. Ya sake, haka dai. Tausayi ya kama mai gyara. Ya sunkuya ya kwance notin, ya zare wayar yana tsaki.

"Wayoyin zamani duk jabu ne. Bar keken a nan, sai na samo maka irin ta da."

Su duka sun san an daina yin irin ta da. Dogo ya dubi hannunsa, ya sa a aljihu, ya miƙe.

"Kada ka yi gaggawa," in ji shi. "Amma ka jingine shi a inuwa. Mazaunin bayan nan ba ya son rana."