Jaka Ɗaya, In Ji Takarda

Da aka sace jakar Lawali, wadda ke ja mashi amalanke, mutanen Hawandawaki sun yi mashi jaje. Da aka gano ta kasuwar Kona hannun wani Gazali, suka yi mashi barka. Sun yi gaggawar barkar nan.

Jandarmomi suka kai Gazali da jaka Tasawa. Lawali ya bi su da igiya a kafaɗa, don takin da ya tara tun kaka yana jibge bayan gida, kuma in bai kai shi gona kafin ruwan farko ba, rairayin nan ba ya ba shi damin kirki.

A gidan shari'a ya iske tafinta, Mushe Abdurrahamane, wato malam da Faransanci, mutum mai alƙalami uku a aljihu. Lawali ya durƙusa ya ce ya zo tafiya da dabbarshi da ɓarawo ya ɗauka.

"Kar ka ƙara ce mashi ɓarawo," in ji Mushe. "Sunanshi wanda ake zargi, har sai alƙali ya yi magana."

"Ranka ya daɗe, hannunshi aka kama ta."

"Shi ya sa ake zargin nashi. Ita kuma yanzu ba jaka ba ce, abin shaida ce. Ana tsare ta har a gama shari'a."

"Abin shaida na cin abinci?"

"Yana ci mana. Kai za ka kawo."

Haka Lawali ya samu sabuwar sana'a. Duk kwana uku sai ya ɗora harawa bayan babur ɗin kabu-kabu ya kai ma abin shaida, wadda aka ɗaure gindin itacen bedi bayan ginin, ga tsohon ciki tana fama da shi.

Zuwanshi na huɗu ya tarar da Gazali bakin ƙofa yana kurɓar shayi.

"A'a, mai ƙara! Ya hanya?" in ji Gazali. "Ka gaida mani ita."

Mushe ya yi bayani cewa wannan shi ne beli: mutum ya jira shari'a yana gida.

"To ita ba a ba ta?"

"Ita ai ba a zarginta da komi."

Lawali ya jinjina kai. Ilimi dai da daɗi. Da ta yi laifi, da yanzu tana gida.

Ranar zama na farko aka ɗage, alƙali ya yi tafiya. Na biyu ma aka ɗage, mai shaida ya tafi biki Mayahi. Wannan kalmar Lawali bai tambayi ma'anarta ba, ƙugunshi ya gane ta kan hanyar rairayi. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas. Cikin ɗage-ɗagen nan jaka ta gaji da jiran hukuma, ta haihu abinta.

A zama na uku aka yanke ma Gazali wata shida, ɗaurin talala. Wato, in ji Mushe, an ɗaure shi amma ya tafi gida, in ya sake ne zai shiga. Gazali ya riga kowa fita.

Aka ba Lawali takardar karɓar dabba. Yana kwance igiya sai ga Mushe da sauri.

"Tsaya, malam! Takarda ta ce jaka ɗaya. Ɗan nan babu shi cikin shari'a. Sai ka shigar da sabuwar buƙata, a sa rana."

Lawali ya dubi gabas, ta yi baƙi ƙirin. Ya ce to, ya ja jakarshi a hankali ya nufi ƙofa. Ɗan jakin, da yake bai shiga lakwal ya yi boko ba, ya tashi da ƙafafunshi masu rawa ya bi uwarshi.

"Kai! Ina za ka da shi?"

"Mushe, ni ɗaya na ja, ga igiya ka gani," in ji Lawali. "Wannan da kanshi ya fito. Ku aika mashi sammaci, yana Hawandawaki."

Kwana uku ya yi yana jigilar taki, ɗan jakin na tsalle gefen amalanke. Rana ta huɗu ruwa ya sauka. Sammacin har yau yana hanya.