Wa Zai Ba da A?

Wani dare a farkon Yuni, Torvald Nyberg yana wanke kofinsa sai ya ji wani amo ya ratso daga cocin da ke bayan gidansa. Siriri ne, dogo, ba ya rawa. Ya ajiye kofin ya kasa kunne. A ne, sautin nan da makaɗa ke daidaita kayan kiɗansu da shi. Ba mai koya masa A, shi da ya tsufa yana busa shi.

A ƙungiyar makaɗan garinmu na bakin tafki, Torvald ne mai busa obo, ƙanwar algaita, kuma bisa al'ada mai obo ke ba da A kafin a fara wasa. Zai busa sau ɗaya, masu goge manya da ƙanana su yi ta murɗa tsirkiya har su dace da shi. Tun kafin ya yi furfura yake wannan aiki. Amma A ɗin da ya ji ba nasa ba ne. Ya ɗara nasa tsayi da ɗan abin da bai kai silin gashi ba.

"An kawo wani," ya ce wa kyanwarsa. "A ɓoye ake gwada shi."

Washegari da yamma aka yi taron rufe kakar wasanni a ɗakin ƙasa na cocin. Kowa ya zo da kwanonsa, dankali da nama daga tanda, da kek iri-iri. Lorraine Bakke, maƙwabciyar Torvald, ba ta kiɗa amma taro ba ya wuce ta, ita ce mai zuba gahawa. Torvald ya zauna a kusurwa yana bin fuskoki da kallo.

Dale Pruitt, mai riƙe musu sandar jagorantar kiɗa, wanda suke kira Madugu, ya tashi yana tuna baya. Wasan Oktoba ya yi kyau. Na Kirsimeti har a tsaye mutane suka saurara. Na Fabrairu ƙanƙara ta hana jama'a fitowa, amma ba su taɓa yin mai daɗinsa ba.

"Sai na Mayu," in ji shi, ya yi tari.

Kowa ya san na Mayu. Ranar kowane goge da inda ya nufa, kamar kyanwoyi a kan rufi.

"Kai dai Torvald ka yi ƙoƙari," in ji Marjorie Kettunen, shugabar masu goge.

"Ƙwarai kuwa," in ji Gus, mai babban goge, baki cike da kek.

Ruwa ba ya tsami banza. Marjorie ba ta taɓa yabon kowa ba, ko mijinta. Da Madugu ya fara zancen wasannin kaka mai zuwa bai ko dubi sashensa ba, Torvald ya buga cokali a faranti.

"Madugu, dakata. Wa kuka kawo jiya?"

"Kawo wa?"

"Kada ka raina mini hankali. Na ji shi da kunnena. Yaron jami'a ne? In kujerata kuke so ku faɗa mini a gaban idona."

"Tsoho, ka sha maganinka kuwa?" in ji Marjorie.

"Na sha. Ke kin sha naki?"

Kafin ta rama, bututun ƙarfen da ke ɗumama ɗakin ya yi ƙwas, ya yi ƙwas, sannan ya saki murya. Siririya, doguwa, ba ta rawa.

Torvald ya ga abin da ya gani. Hannun hagu na Marjorie ya tashi shi kaɗai yana murɗa iska, alhali ba goge a kafaɗarta. Gus ya daina tauna, yana bin amon ta hanci. Duk masu goge sun karkata kai wajen bango kamar furanni sun ga rana.

"Ma'aikata ne," in ji Lorraine. "Tun jiya suke kunna tsohuwar tukunyar da ke tura tururi cikin bututun, kafin su cire ta ranar Litinin. Sabuwar, an ce, ko numfashinta ba a ji."

Torvald bai saurare ta ba. Ya tuna yadda in ya ba da A, Marjorie kan ɗan jinkirta, ta sunkuyar da kai gefen taga, inda bututun yake. Shi duk a zatonsa girmamawa ce. Ya tuna kuma a Mayu an yi zafi, an kashe tukunyar.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Marjorie ta sauke hannunta ta ɓoye a ƙarƙashin tebur. "Tun ciwon ƙirjin nan naka. A ɗinka yana sauka a hankali, ɗan'uwa. Na bututun kuwa bai taɓa motsawa ba. Mun rasa mai gaya maka."

"Ashe bututu kuka ba kujerata."

"To ai shi ba ya cin kek," in ji Gus. Ba wanda ya yi dariya.

Torvald ya miƙe ya je ya tsaya gaban bututun, ya ɗora tafinsa a kai. Da ɗumi, kamar bayan dabba. Ya gwada bin amon a maƙogwaro, nasa ya tsaya ƙasa kaɗan, ya ƙi hawa. Can sai tukunyar ta huce, muryar ta siranta, ta ɗauke.

Madugu ya tsura wa farantinsa ido. Marjorie tana naɗe ƙyallen goge baki tana warwarewa. Lorraine ta zagayo da butar gahawa, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Ni dai ban san kiɗa ba," ta ce. "Amma in an cire tukunyar ranar Litinin, wa zai ba ku A ɗin a Oktoba?"